Jan Biro a Littafin Baba

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe 4:30 na yamma

Yau aka kafe sakamako a allon sanarwa. Sa'id 241, Ihuoma 239. Sauran 'yan aji biyar ɗin ko kusa ba su zo ba. Gurbi ɗaya tak wata gidauniya ta ba makarantarmu, wanda ya samu za a ɗauki nauyin karatunsa har ya gama jami'a. Malam Madu, shugaban makaranta, ya ce ranar Juma'a 23 ga wata zai aika suna. Lissafi da fizis da kemistiri aka haɗa. Na kemistirin ni na tsara tambayoyin, ni kuma na yi makin.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Sa'id ɗan gida ne, tun yana rarrafe na san shi a unguwar Baba a Gamboru. Da na dawo na gaya wa Baba, ya ɗaga hannunsa na hagu, wanda ciwon bai taɓa ba, ya buga katifa sau biyu. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye haka yake tafi.

Zafi kamar a bakin tanda. Baba ya ci abinci.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe 2:15 na rana

Yarinyar nan ta ɓata mini rai yau.

Ina raba takardu a aji, sai Ihuoma ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama Falmata, don Allah lamba bakwai." Lamba bakwai ita ce a rubuta yadda ilektiron ke zaune a cikin atam ɗin jan ƙarfe lokacin da yake kwance. Maki uku ce.

Haka Baba ya koya mini, haka nake koyarwa: atam gidan haya ne, ilektiron 'yan haya. Kowa ɗakin ƙasa yake nema, sai ya cika a hau na sama. In kowa yana ɗakinsa, atam a kwance yake. In aka hura masa wuta wani ya yi tsalle ya haye ɗakin da ba nasa ba, atam ya zabura, kuma ba ya daɗewa a haka, zai dawo ya amayar da abin da ya haɗiya a matsayin haske. Jan ƙarfe yana da 'yan haya ashirin da tara. In aka zaunar da goma sha takwas, saura goma sha ɗaya. Ɗakin 4s ya ɗauki biyu, ɗakin 3d ya ɗauki tara. Haka Sa'id ya rubuta. Ita kuwa ta zuba goma a 3d, ta bar ɗaya tilo a 4s. Na soke, na rubuta mata da jan biro cewa wannan ai a zabure yake.

Ta ce a littafin yayarta ta jami'a ta gani. Na ce to ta kai wa yayar tata ta yi mata makin. Aji ya kwashe da dariya. Ban tsaya nan ba, ni da bakina. Na ce shekara goma sha ɗaya ina koyar da wannan, mahaifina Malam Ajimi ya yi talatin kafin ni, ba 'yar aji biyar ce za ta jera mini ilektiron ba. Ta zauna. Ta ninke takardar gida huɗu ta tura cikin jaka.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan Azahar

Ban duba ba. Me zan duba?

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe 11:40 na safe

Na duba.

Akwai wani ƙaton littafi marar bango a laburare, cikin waɗanda aka kawo mana gudummawa. Na duba shi. Na duba a waya, wuri uku. Na sake komawa littafin ko idona ne.

Mai ruwa bai zo ba yau ma. Jarka biyu suka rage, ga wankin Baba. Dole in nemi wani, wannan mutumin ya raina ni.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe 5 na yamma

Littattafan sun ce jan ƙarfe ba ya bin layi. Ya fi samun natsuwa in ɗakin 3d ya cika taf da goma, ko da 4s zai zauna da mutum ɗaya. Wato abin da Ihuoma ta rubuta shi ne kwanciyarsa. Abin da nake rubutawa a allo shekara goma sha ɗaya kuwa, shi ne zaburarsa.

Manhaja ma ba ta cika wuce atam ashirin na farko ba. Ni ce na jefa jan ƙarfe don a san jarrabawar Malama Falmata ba wasa ba ce. To, an sani.

Na ce ƙila ni ce na kwafa ba daidai ba tun ina ɗaliba. Wallahi addu'a na yi ya zama ni ce. Na ɗauko littafin Baba daga ƙasan akwati, mai baƙin bango, wanda ya rubuta da hannunsa tun kafin a haife ni. Shafi na 46. Rubutun nan nasa mai kwanciya dama.

Na rufe na mayar.

Baba ya ci abinci, kaɗan.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Ya Turai ta zo, mahaifiyar Sa'id. Tun daga ƙofa take "Wushe, wushe, Malama," da kwanon burabusko a ka da kwalbar turaren wuta a hannu, wanda ta haɗa da kanta. Ta durƙusa gaban Baba ta ce, "Ba Ajimi, littafinka ya yi albarka." Baba ya yi murmushin nan nasa na ɓari guda.

Ai kuwa littafin da Sa'id ba sa rabuwa. A ambaliyar bara, da ruwa ya ci Gamboru, shi da kawunsa suka ɗora Baba a kan ƙyauren ɗaki suka tura shi har tudu. Baba na ta nuna gida yana wani sauti, ba wanda ya gane sai Sa'id. Ya koma cikin ruwa har ƙirji, ya fito da littafin ƙunshe a leda a bisa kansa. Tun da na dawo da Baba nan Bulumkutu, duk Asabar sai ya hau keke napep ya zo ya kwafi shafi biyar ko shida. Ya haddace shi kamar karatun allo.

Ya Turai ta ce tun da suka baro Konduga babu mahaifin yaran, wannan ne karo na farko da ta kwanta ba ta tunanin gobe. Na ce Allah ya sa albarka. Da bakina na faɗa, ina riƙe da kwalbar turaren.

Litinin, 12 ga Mayu, lokacin tara

In aka gyara: Ihuoma 242, Sa'id 238.

In aka ce a bar masa makinsa tunda abin da aka koya masa ya rubuta: Ihuoma 242, Sa'id 241.

Na sake bin takardarsa layi-layi ko na rage masa wani abu a wani wuri. Babu. Na bi tata ko na ƙara mata. Da na ga abin da hannuna ke nema, na ajiye biron. Falmata, ashe haka kike?

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe 2:20 na rana

Na yi tambaya uku a aji. Ta san amsar duka, na ga leɓenta na motsi. Ba ta ɗaga hannu ba.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan Asuba

242, 241. Saura kwana tara.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe 5:30 na yamma

Gobe aji huɗu za su yi gwajin harshen wuta, kuma babu ko guntun jan ƙarfe a ɗakin gwaji. Na je Gamboru neman wayar jan ƙarfe. Shagunan kayan lantarki sun fi goma a layin nan, amma ƙafata sai da ta kai ni na Oga Gerald, mahaifin Ihuoma. Kar a tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba.

Ya gane ni nan take. "Malama! Sannu da zuwa, zauna, zauna." Ya share mini benci da hannun rigarsa. Ya fere waya mai kauri, ya ce wannan ce ta gaske, ba wadda ake shafa wa launi a cuci mutane ba. Ya lanƙwasa ta a gabana don in gani.

Na zauna ina jiran ya ɗauko maganar. Sai ya ce, "Ihuoma ta ce maki biyu ya hana ta. Na ce mata ba komai, wanda ya fi ki ya fi ki. Malama ba za ta cuce ki ba, ita ce kullum kike yabo a gida." Ya ce so take ta karanta harhaɗa magunguna, amma yayarta tana jami'a, biyu sun fi ƙarfin shagon tun bayan ruwa. In ta gama sakandare za ta ɗan zauna masa a kanti tukuna, a ga abin da Allah zai yi.

Ashe ba ta gaya masa zancen lamba bakwai ba. Da ta kai ƙarata da ya fi mini sauƙi.

A keken dawowa na matse wayar a tafin hannu har ta yi mini shaida.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan La'asar

Gwaji ya yi kyau. Na goge wayar, na tsoma ta a ruwan asid, na kai bakin wuta, harshen ya juye kore shar. Yara suka yi ihu. Na ce musu wannan hasken na masu komawa gida ne, duk wanda ya haye inda ba nasa ba sai ya sauko, kuma ba ya saukowa a ɓoye. Ina faɗa na juya musu baya. Na ce hayaƙi ne.

Baba bai ci abincin rana ba. Yana ta bina da ido. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gane ɗalibin da bai yi aikin gida ba tun daga yadda ya shigo aji.

Lahadi, 18 ga Mayu, da rana

Na kunna turaren Ya Turai, na kasa zama a ɗakin.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe 1 na rana

Na shiga ofishin Malam Madu da takardun biyu da ƙaton littafin. Ya saurare ni har ƙarshe yana juya hularsa a gwiwa. Shi malamin tarihi ne, 3d da 4s duk ɗaya ne a wurinsa, amma lissafin ya gane.

Ya ce, "Wa ya sani?"

Na ce ni da yarinyar.

Ya ce, "Ta kawo ƙara a rubuce?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To Malama, ki bar kaza..." sai ya fasa, ya shafa fuska. Ya ce an riga an kafe, uwar yaro ta riga ta raba alewa a unguwa. In aka canza, wasu za su ce an sayar da gurbin maraya ga ɗan kasuwa. In aka bari kuma magana ta fita daga baya, wasu za su ce an danne yarinya don ba 'yar nan ba ce, alhali a asibitin garin nan aka haife ta, Hausarta ma ta fi tawa. Ko ta ina akwai baki.

Sannan ya ce abin da nake gudu. "Kuma kin san in kika ce amsar ba daidai ba ce, ba ke kaɗai abin zai shafa ba. Rabin malaman kimiyyar garin nan ɗaliban Malam Ajimi ne. Ni kaina ya zane ni."

Ya ce shi ba zai taɓa komai ba. In ina so a canza, in rubuto da sa hannuna kafin Alhamis, in faɗa a gaban aji kamar yadda na faɗi na farkon a gaban aji, in kuma je wurin uwar yaron da ƙafata.

Talata, 20 ga Mayu, bayan Asuba

Na fara wasiƙar sau huɗu. Kullum a layi ɗaya nake tsayawa, inda zan faɗi inda na samo amsar.

Talata, ƙarfe 6 na yamma

Tsoro nake ji. Na rubuta, ga shi nan. Ina tsoron idon Ya Turai. Ina tsoron mutumin da ba abin da ya rage masa a duniya sai hannu ɗaya da littafi ɗaya.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan La'asar

Ban yi niyya ba. Na shigo ba shi magani, ya riƙe mini tsintsiyar hannu ya ƙi saki. Ya ce, "Me?" Kalma ɗaya, ita ma da ƙyar.

Na ɗauko littafinsa na buɗe shafi na 46 a cinyarsa. Na buɗe ƙaton littafin a gefe. Na gyara masa tabarau.

Ya daɗe yana kallo. Daga nan zuwa can, daga can zuwa nan. Yatsansa na bin lambobin ɗaya-ɗaya, yana ƙirga da leɓe. Har mai ruwa ya yi sallama ya gaji ya tafi. Na ce a raina shi ke nan, na kashe tsohon nan da hannuna.

Sai ya ce, "Ja."

Na ce, "Baba, me?"

"Ja. Biro."

Na miƙa masa jan birona, wanda na soke yarinyar da shi. Ya kama da hagu kamar ɗan aji ɗaya. Baba bai taɓa yarda a goge kuskure ko a cakuɗe shi ba. Tun muna yara dokarsa ke nan: a ja layi ɗaya a kai, a bar shi ana gani, a rubuta daidai a sama, a sa kwanan wata. Haka ya yi. Layin ya karkace ya shiga rubutun ƙasa. Goma ɗin da ya rubuta kamar tafiyar tururuwa. Ya ɗauki kusan minti goma.

Na sa hannu zan karɓa ya buge ni. Ya hau da yatsa sama a shafin, layi biyar, ya tsaya a kan atam ɗin kuromiyam. Ya dube ni. Na duba ƙaton littafin. Shi ma haka ne, biyar a 3d, ɗaya a 4s, mu kuwa huɗu da biyu muke rubutawa. Ni da na yi sati biyu ina kallon shafin ban gani ba.

Ya ja layi na biyu. Ya ce, "Wa?"

Na ce wata yarinya ce, Ihuoma. Na gaya masa komai, har abin da na ce mata, har gurbin, har Sa'id. Da na kai kan Sa'id ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta ɓarin da ba ya motsi. Na goge masa. Da ya buɗe, ya tura mini littafin ya nuna ƙofa.

Ya ci abinci, ya cinye.

Alhamis, 22 ga Mayu, ƙarfe 3 na rana

Wasiƙar tana teburin Malam Madu tun ƙarfe bakwai da rabi.

A aji na rubuta amsata a allo, na ja mata layi ɗaya, na rubuta ta Ihuoma a sama, na sa kwanan wata. Na ce ni na yi kuskure, kuma daga littafin mahaifina na ɗauko, kuma jiya shi da kansa ya gyara. Na ɗaga littafin suka gani. Na ce, "Ihuoma, na ci miki fuska a gaban mutane kan gaskiyarki. Ki yafe mini." Ta miƙe, ta rasa abin yi, ta koma ta zauna ta kifa kai a tebur.

Ban iya kallon layin taga ba, inda Sa'id yake zama. Yaron lissafi ne, kafin in ajiye alli ya gama haɗawa. Da aka buga ƙararrawa kujerarsa ba kowa.

Juma'a, 23 ga Mayu, ƙarfe 5:40 na yamma

An aika suna.

Na je Gamboru. Ya Turai tana tankaɗe a tsakar gida. Na gaishe ta, ta amsa da "Kalewa" ba ta ɗago ba. Na yi bayanin da na shirya tun a keke, ɗakuna da 'yan haya, sai na ji kaina kamar mahaukaciya. Ta bari na gama. Ta ce, "Ni ban san wannan ba, Malama. Abin da na sani, abin da kuka ba shi ya rubuta muku."

Na ce haka ne.

Ta ce, "To."

Ta ci gaba da tankaɗe. Ba ta ba ni tabarma ba, ban kuma cancanta ba. Na bi ta bayan kasuwa don kar in wuce ta gaban shagon Oga Gerald. Godiyarsa ma ba zan iya ɗauka ba yau.

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi

Bai zo ba. Baba na ta kallon ƙofa.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan Azahar

An yi yayyafi da safe. Wajen sha ɗaya na ji tsayuwar keke a waje.

Ya rame. Ya gaishe da Baba a tsaye, ni kuwa ko kallona bai yi ba. Ya zaro kwafinsa daga cikin riga, littattafan rubutu uku da ya ɗinke da zare, ya ajiye a tabarma. Na ɗauka ya zo mayar mana da kayanmu ne.

Ya ce, "Malama, saura nawa?"

Na ce me?

Ya ce, "Irin wannan. A cikin littafin. Baɗi zan rubuta jarrabawar fita, kuma duk abin da ke kaina daga nan yake. Saura nawa?"

Na so in ce babu. Wallahi har ta zo bakina. Na ce, "Ban sani ba, Sa'id."

Baba ya buga katifa sau ɗaya, ya nuna gefensa. Sa'id ya daɗe a tsaye kafin ya cire takalmi. Na kawo ƙaton littafin, wanda har yanzu ban mayar laburare ba. Baba ya lalubo jan biron a ƙarƙashin matashi, ya tsallake hannuna da na miƙa, ya ba yaron.

Littafin shafi ɗari biyu da goma sha biyu ne. Yau mun kai na tara.